Kyamarar aljihu ta zamanin fim: wacce za a saya, kuma ina za a wanke?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar manya. Sha'awar ɗaukar hoto da fim ta shige ni, amma ba na son babbar kyamara ta rataye a wuya, ina son wadda zan jefa a aljihun kaftani in fita. Uku ne a gabana. Akwai wata Kodak doguwa siririya ta mahaifinmu, an rubuta 110 a jikinta. Akwai Olympus Trip 35 da na gani wurin masu kayan gwanjo, mai ita ya ce bai san ko tana aiki ba. Sai Olympus mju-II da wani ke tallarta a intanet, kuɗinta ya kai na waya mai kyau. Wacce zan kama?

Akanta: Wa alaikumus salam. Akwai ta huɗu da ba ka lissafa ba, wayar da ka rubuto mana wannan saƙon da ita. Ba ta cin fim, ba ta zuwa wanki.

Maman Hanif: Akanta, don Allah bari yaro ya samu amsar tambayarsa tukuna. Mun san lissafinka na nan tafe ko ba a gayyace shi ba.

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara cire maka ɗaya. Waccan ta mahaifinku ka goge ta ka ajiye a kabad, amma kada ka fara koyo da ita. Kodak ta fito da tsarin 110 a 1972 da sunan Pocket Instamatic. Dabararsa ita ce fim ɗin yana cikin ɗan kwanso na roba, ka buɗe baya, ka jefa, ka rufe, babu zare fim babu maƙala shi. Shi ya sa ta shiga hannun mata da yara da duk wanda ba ya son wahala. Amma hoton da ke kan nagatif ɗinta milimita 13 ne da 17. Na fim ɗin 35 da kowa ya sani 24 ne da 36. Kusan rubu'i ke nan. Idan aka kawo mana ita shago, da an ce a wuce girman katin albam sai fuska ta yi tsaki-tsaki. Mu masu sana'a a lokacin ko kallon kyamara ba ma yi mata.

Ga kuma wahalar samun fim ɗinta. Fujifilm ta daina yin sa a 2009, aka zauna babu, sai a 2012 kamfanin Lomography ya dawo da shi, hoto 24 a kwanso. Ko ka samo, mai wanke maka sai yana da abin naɗi na faɗin milimita 16, kuma ba kowa ke da shi ba.

Ɗan Landan: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi wa 110 adalci kaɗan. Pentax Auto 110 ta 1978 tana ɓuya a tafin hannu, kuma ana cire mata gilashi a sa wani irin na manyan kyamarori. Na ga hotunanta, sun yi tsaf. Laifin ba na ƙanƙantar fim ɗin ba ne kaɗai, yawancin waɗanda aka sayar wa jama'a gilashinsu na araha ne.

Baba Mai Hoto: Na yarda da kai. Amma wadda ke hannun yaron nan ba Pentax ba ce.

Injiniya: Tsakanin sauran biyun, ni da nake kwance cikinsu a kan tebur zan ce Trip 35. An yi ta daga 1967 zuwa 1984, an sayar da miliyoyi, saboda haka in taka ta lalace ba a rasa matacciyar da za a ciro kaya a jikinta. Ba ta cin batir ko kaɗan. Wannan zoben mai ƙuraje-ƙurajen gilashi da ya kewaye idonta, seleniyam ne a bayansa. Haske na dukansa yana ba da 'yar wutar da ke motsa wata allura a ciki, allurar ce ke yanke faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa. Saurin ma biyu ne rak, 1/40 da 1/200. Gilashinta Zuiko ne 40mm f/2.8, kuma ya fi ƙarfin siffarta nesa ba kusa ba.

Ga yadda za ka gwada ta a gaban mai kayan kafin ka ciro ko sisi. Juya zoben ya tsaya a kan A. Murza abin jan fim da babban yatsa har ya tsaya. Rufe fuskarta gaba ɗaya da tafin hannu, ka leƙa taga, ka danna. In lafiyarta ƙalau, wata 'yar jar tuta za ta taso cikin tagar, maɓallin ya ƙi dannuwa. Sai ka ɗauke hannu, ka fuskanci wuri mai haske, ka sake dannawa, ta ƙifta. In ta yi waɗannan biyun, saya. In jar tutar ta ci gaba da fitowa ko a cikin haske, mai yiwuwa seleniyam ɗin ya mutu, in kuma ba ta fito ba ko kaɗan, mai yiwuwa ganyayen ƙofar haske ne suka manne da tsohon mai. Na biyun gyaran awa ɗaya ne, na farkon sai canji.

Sannan ka buɗe baya ka duba soson da ke gefe-gefe. Za ka tarar ya narke ya zama baƙin danƙo. Wannan ba aibi ba ne, duk tsohuwar kyamara haka take. A kankare shi da tsinke da sifirit, a manna sabon soso ko baƙin zaren ulu. In ba a canza ba haske zai riƙa shiga yana yi maka jan tabo a hotuna. Daga ƙarshe ka haska tocilan cikin gilashin. In ka ga farin zare-zare ya bazu a ciki, fumfuna ce, ka rage masa kuɗi ko ka bar masa kayansa.

Ɗan Gwammaja: Na gode Injiniya. To mju ɗin fa? Hotunan da nake gani an ɗauka da ita ne ma suka jawo ni.

Injiniya: Ba na kushe hotonta. Ta fito a 1997, gilashinta 35mm f/2.8, tana saita nisa da kanta, yayyafi ba ya shigarta, kuma ta fi Trip shiga aljihu. Amma duk motsinta ɗan inji ne da haƙoran roba da wani siririn kebul mai lanƙwasa. Ranar da kebul ɗin ya tsinke ko haƙori ɗaya ya karye, babu inda ake yin sabo. Kana biyan kuɗin waya a kan abin da ya haura shekara 20 wanda ba wanda zai ba ka tabbacin zai kai Sallah mai zuwa. Batirinta ma CR123A ne, ba a kowane kanti ake samu ba.

Ɗan Landan: Kuma tsadar ba ta inganci ba ce kawai, ta yayi ce. A 2017 shahararriyar mai tallan kayan sawa Kendall Jenner ta fito da ƙaramar kyamara Contax T2 a shirin talabijin na Jimmy Fallon a Amurka, farashinta ya tashi, ya ja Yashica T4 da mju da duk wata ƙarama mai saita kanta. A nan shagunan kayan sadaka sun farga, sun daina jefa su a kwandon tarkace.

Akanta: To yanzu an amsa masa, sai a ba ni fili. Fim ɗaya mai launi, irin Kodak Gold 200, a ƙasar waje ma kusan dala 10 ne, kafin kuɗin kawowa. Wanki da sikanin su ci kusan wani haka. Hoto 36. Kowace dannawa ta haura rabin dala, har da wadda yatsanka ya rufe da wadda amarya ta rintse ido. Ku juya shi zuwa naira da canjin yau. Ƙanena, in kai ɗalibi ne, kuɗin fim biyu ya biya maka data ta wata da canji.

Baba Mai Hoto: Ba zan ƙaryata Akanta ba. Ba sayen doki ke da wuya ba, harawarsa. Mu da muka yi sana'ar nan tun zamanin Shagari ba don ƙiyayya muka bar fim ba. Kwastoma ya daina jiran kwana uku, magani ya yi tsada, kamfanonin ma suka durƙushe. AgfaPhoto ta karye a 2005, Kodak da kanta ta je kotu neman kariya daga masu bin ta bashi a 2012. Wanda zai shiga yau ya shiga da idonsa a buɗe, sha'awa ce, kuma sha'awa kuɗi take ci.

Maman Hanif: Akwai hanyar raba lissafin Akanta gida biyu. Ni Olympus Pen EE nake riƙewa. Tana raba kowane gurbi biyu, milimita 18 da 24, sai fim mai 36 ya ba ka 72. Ita ma babu batir, seleniyam ne irin na Trip. Pen ta farko ta fito a 1959, Yoshihisa Maitani ne ya zana ta, bayan an ce masa ya yi kyamarar da za a sayar yen 6,000. Shi ne kuma ya zana Olympus XA a 1979, mai murfin nan da ake turawa gefe. In ka riƙe Pen yadda aka saba, hoton a tsaye yake fitowa, daidai da fuskar waya. Da Pentax ta tashi yin sabuwar kyamarar fim a 2024, Pentax 17, wannan tsarin ta ɗauka, sai dai kusan dala 500 aka sa mata.

Aibinta ɗaya, fim ba ya ƙarewa. Sai ka fara shi a suna, ka gama a bikin wata.

Baba Mai Hoto: 'Yata, wannan na yarda da shi. Rabin gurbi ya ninka na 110 kusan sau biyu, yana ɗaukar kati matsakaici ba tare da ya fashe ba, in dai fim mai 100 ko 200 aka sa, wato lambar ASA da ke nuna ƙarfin jin haskensa.

Akanta: Hajiya, tambaya ɗaya. Bayan kin ɗauka, kin biya an wanke, an yi sikanin, ina kike kai hoton? Ba WhatsApp ba? Wanda zai matse shi ya rage masa rabin kyau? To kin zaga kin zaga kin dawo wayar da na faɗa tun farko. Launin nan da kuke yabo ma akwai manhajar da ke kwaikwayonsa kyauta.

Maman Hanif: Eh, ina sawa a waya, ban musa ba. Amma abin da ya canza ba inda hoton ya ƙare ba ne, yadda na ɗauke shi ne. Da waya in yara na wasa a tsakar gida sai in yi ta dannawa, talatin iri ɗaya, ba na ƙara buɗe ko ɗaya. Da Pen sai na tsaya na duba ina rana take, me ke bayansu, na jira wanda nake so ya juyo. Kuma ba mai rugowa ya ce mu gani, goge, sake. Wannan "goge, sake" ɗin ya kashe hoton biki. Kowa ya san gefen fuskarsa da yake so, kowa ya riƙe murmushi iri ɗaya.

Na biyu, ina da nagatif a ambulan. Wayoyi nawa aka sace ko suka faɗa ruwa da hotunan haihuwar yara a ciki?

Baba Mai Hoto: A nan zan ɗan taka miki birki. Kada a mai da nagatif abin da ba ya mutuwa. Mai launi rini ne, zafi da laima suna cinye shi, ya koma ja ko ruwan hoda. Kuma mutanenmu ba sa karɓar nagatif. Kati suke so, su bar mana sauran, mu ma in kwali ya cika a share. Hotunan bukukuwa da hawan Sallah da aka zubar a bola a garuruwan nan, Allah kaɗai ya san yawansu. Wanda ke daɗewa shi ne baƙi da fari, don shi azurfa ce ba rini ba, in an wanke shi da kyau an ajiye a busasshen wuri.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Baba ce. Malick Sidibé na Bamako abin da ya raba shi da ɗaruruwan masu hoto na zamaninsa har da wannan, ya adana nagatif ɗinsa a kwalaye a shagonsa. Da aka zo nema shekaru bayan nan aka tarar da samarin Bamako na shekarun 1960 suna nan a ciki. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Banis ta Italiya. Mu ma a Yamai akwai Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar dare ta wancan lokaci. Wanda ya zubar da nasa kuwa ko sunansa ba a sani ba.

Akanta: To ai kun dawo kan maganata ta wata ƙofa. Matsalar ajiya ce, ba ta kyamara ba. Wanda ya zaɓi hoto goma a wayarsa duk shekara ya kai aka buga masa a kati ya fi mai nagatif ɗin da ke narkewa a saman silin.

Maman Hanif: Ka taɓa kaiwa an buga maka?

Akanta: Wannan kuma wata magana ce.

Ɗan Gwammaja: Na koma wurin mai gwanjo, jar tutar ta fito, na saya. Yanzu babbar tambaya: ina zan kai wanki? Shagunan da na shiga duk daga waya da kwamfuta suke bugawa. Ɗaya ya ce yana da injin amma ya daɗe bai kunna ba.

Ɗan Damagaram: Kada ka ba wanda ya daɗe bai kunna ba. Wani shago ya taɓa karɓar nawa haka, maganin ya tsufa a cikin injin, fim ya fito kore shar. Kuma fim sau ɗaya ake wanke shi, babu gyara. Ko ka aika Legas wurin masu yi kullum, ko ka koyi yi da hannunka.

Baba Mai Hoto: Koyi da hannunka, ka fara da baƙi da fari. Ba ka buƙatar ɗakin duhu. Kayan su ne tankin wanki mai abin naɗi, baƙar jaka mai hannuwa biyu da ake zura fim cikin tanki a cikinta, ma'aunin zafi, kofin awo, maganin fito da hoto, da fiksa mai kafe shi. Da zarar ka rufe tanki, sauran aikin a fili ake yi.

Magani ka nemi Rodinal. Tun 1891 ake yin sa, kuma dalilin da na zaɓa maka shi, kwalba ɗaya tana shekaru ba ta mutu ba, ko ta yi baƙi. Kashi 1 a ruwa kashi 50. Fim ɗin Ilford HP5 minti 11 ne a zafi digiri 20. Kana juya tanki a hankali 'yan daƙiƙu kowane minti, ka zubar, ka ɗauraye, ka zuba fiksa kamar minti 5, ka wanke da ruwa sosai, ka rataye.

Abokin gabarka a nan shi ne digiri 20 ɗin nan. Turawa sun tsara shi ne a kan ruwan famfonsu. Mu ruwan tankin saman rufi a watan Afrilu ya haura 30. Da zafi magani yana gudu, kowane digiri ɗaya ka rage kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin, kuma ba a son lokacin ya sauka ƙasa da minti 5, don wankin ba zai yi daidai ko'ina ba. Abin da muke yi da, bayan asuba ake wanki, da ruwan randa, in bai isa ba a jefa ƙanƙara a cikin bahon da aka jera kwalaben. Kuma duk ruwan ya zama zafinsu ɗaya. In ka fito da fim daga mai sanyi ka antaya masa mai ɗumi, fatarsa za ta yi yamutsa, ba ta komawa.

Lokacin hunturu ruwa ya yi daidai, sai ƙura ta karɓi aiki. Fim mai laima duk abin da ya sauka a kansa ya zauna. Ka watsa ruwa a banɗaki ƙurar ta kwanta, ka rataye shi, ka ja ƙofa, kada kowa ya shiga sai ya bushe.

Ɗan Landan: Abin dariyar, mai launi ya fi dacewa da ƙasarmu. Tsarin wanke shi, C-41, digiri 38 yake so, minti 3 da daƙiƙa 15. Ni a nan sai na yi ta ƙara ruwan zafi a baho don kada ya huce. A Kano da bazara kusan ɗakin ma ya riƙe maka shi. Illarsa, da an haɗa maganin makonni kaɗan yake yi, saboda haka sai an tara fim da yawa a wanke a lokaci guda.

Malamar Kimiyya: In Rodinal ya yi wuyar samu, ana wanke baƙi da fari da garin kofi. Ba wasa nake ba. A lita ɗaya ta ruwa: sodar wanki giram 54, bitamin C giram 16, kofi mai narkewa nan take giram 40, a narkar da su bi da bi a wannan jerin, minti 15 a digiri 20. Mafi araha a cikin kofi ya fi aiki. Warinsa ba daɗi, amma hoto yana fitowa.

Ɗan Damagaram: Malama, kanwa ba za ta tsaya a madadin sodar ba? Ita muna da ita buhu-buhu.

Malamar Kimiyya: Danginsu ɗaya, akwai sinadarin a cikinta. Amma haɗe yake da gishiri da ƙasa da wani ɗan'uwansa mai rauni, kuma ƙarfin ta wannan tafki daban da ta wancan, ba za ka san nawa ka auna ba. Mafi sauƙi ka sayi bakin soda ta masu kek, ka baza a faranti, ka gasa a oba mai zafin digiri 200 kamar awa ɗaya, za ta koma sodar wanki. Fiksa dai ba ta da madadi a kicin, dole a saya. Kuma don Allah kwanukan wannan aiki kada su sake komawa wurin girki. Fiksar da ta tsufa tana ɗauke da azurfa, a tara ta a jarka, ba a zubar a kwatar da dabbobi ke sha ba.

Ɗan Gwammaja: Wani mai shago ya ce yana da ragowar fim tun na da, zai ba ni da araha. In karɓa? Kuma in an yi hawa bana ina son in gwada.

Injiniya: Ƙa'idar da ake bi, duk shekara 10 da ya wuce wa'adi a ninka masa haske. Mai 400 ka sa zoben ASA a 200. Amma wannan na wanda ya kwana a wuri mai sanyi ne. Wanda ya shekara 15 a shagon kwano, ka saya ɗaya ka gwada a kan abin da ba za ka yi kukan rasa shi ba. Kada ka kai shi hawa. Sabon ma ka sa a leda mai zif a firij, ko ana ɗauke wuta ya fi waje, ka fito da shi awa ɗaya kafin ka buɗe don kada ya yi gumi. Kada ka bar kyamara a cikin mota a rana. Ka kuma samo wa Trip murfi, haske kullum yana gajiyar da seleniyam.

Baba Mai Hoto: Batun hawa, ka sani gilashi mai 40mm ba ya jawo nesa. In ka tsaya bayan jama'a dawakin za su fito ƙanana. Kuma 1/200 ba ya tsayar da doki mai sukuwa a gicciye. Ka nemi inda mahaya ke shiri, ana ɗaura rawani, ana gyara wa doki kwalliya, 'yan bindiga na jira, can hoton yake.

Sannan ga abin da ba a rubuta a littafin kyamarar ba. Ita tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta raba daidai. Ka tsayar da mutuminmu baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana, rigar za ta rinjaye ta, ta tsuke ƙofa, riga ta fito tas, fuska ta zama inuwa. Magani, ka yaudare ta. Fim mai 400 ka ce mata 200 ne, mai 200 ka ce 100. Nagatif yana jure ƙarin haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Ko ka ja mutum inuwar zaure ko ƙarƙashin bishiya.

Ɗan Landan: XA ma tana da ɗan hannu a ƙasa da ke ƙara haske +1.5 don irin wannan. Kuma matsalar tana da tarihi. Shekaru da yawa katin da Kodak ke raba wa masu wanki don saita launi, wanda ake kira Shirley, hoton farar mace ne. Sai a shekarun 1990 aka yi mai mata masu launin fata daban-daban.

Baba Mai Hoto: Mu dai da ido muke gyarawa, mu ƙara wannan mu rage wancan har fuska ta yi kama da mai ita.

Maman Hanif: Ƙanena, ƙari ɗaya daga ni. Ƙanƙantar kyamara ba lasisin satar hoto ba ce. Ka yi sallama, ka nemi izini, musamman mata da dattawa, in an ce a'a ka wuce. Wurin jami'an tsaro kuma ko fito da ita kada ka yi. Ni na lura tsohuwar kyamara ma tana buɗe hira, sai dattijo ya karɓa ya jujjuya ya ce yana da irinta a da.

Ɗan Landan: Ina shirin zuwa gida ƙarshen shekara. In ana so a haɗa kuɗi in riƙo. A jakar hannu zan sa, ba a kayan awo ba, na'urar can ta fi ƙarfi. Sababbin na'urorin duba kaya na filayen jirgi, waɗanda ake kira CT, suna iya lalata fim a wucewa ɗaya, don haka zan cire su daga kwali in zuba a farar leda in roƙi a duba da hannu. Ba ko'ina ake yarda ba, kowa ya san da wannan kafin ya turo kuɗinsa.

Akanta: Tunda an ƙi jin shawarata, bari in rage muku asara. Kada ya sayo ɗaiɗai. Akwai babban naɗi mai ƙafa 100, mita 30 da rabi, na Fomapan ko Kentmere ko HP5. Yana ba da kusan fim 18 masu hoto 36. A sayi abin ɗurawa ɗaya na ƙungiya, a tara tsofaffin kwanso, Baba ya ɗura. Ni zan riƙe lissafi, kuma ba bashi.

Admin: To masu so su rubuta suna da adadi a ƙasa kafin Juma'a. Mai launi daban, baƙi da fari daban.

Injiniya: Kafin a rubuta, masu mju da sauran masu saita kansu ku lura. Su ba su da zoben ASA, suna karanta ƙarfin fim ne daga tabon azurfa da baƙi da ke jikin kwanso, tsarin DX da Kodak ta kawo a 1983. Kwanson ɗuri na roba ba shi da wannan tabon, yawancinsu sai su ɗauka fim mai 100 ne. Ko dai ku zaɓi naɗi mai 100, ko ku kawo tsohon kwanson da lambarsa ta yi daidai da fim ɗin da za a ɗura. Masu Trip da Pen da XA babu ruwanku, da hannu kuke saitawa.

Ɗan Gwammaja: A rubuta min uku, mai 400. Injiniya, gobe bayan la'asar zan kawo maka ita a canza soson.